Dokokin Tafiya Ƙasashen Waje a Lokacin Annoba: A Gyara Su Tun Kafin Wata Ta Zo

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon a ba mu fili a wannan jarida mai farin jini domin mu yi tsokaci kan batun da aka daina tayar da shi tun da aka buɗe iyakoki, wato dokokin da gwamnatoci ke ɗora wa masu tafiya ƙasashen waje idan annoba ta ɓarke. Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta ayyana korona a matsayin barazana ga lafiyar duniya baki ɗaya ranar 30 ga Janairun 2020, ta janye wannan matsayi ranar 5 ga Mayun 2023. A tsakanin nan an yi ta kafa dokoki ana sauya su, wani lokaci cikin mako guda. Ɗimbin mutanen da aka hana hawa jirgi a waɗannan shekaru lafiyarsu ƙalau. Takarda ce ta kayar da su, kuma sau da yawa laifin na wanda ya rubuta dokar ne, domin ya rubuta ta yadda mutum biyu za su karanta, kowa ya fahimci abu dabam. Wannan ne muke so a gyara yanzu da hankali ke kwance.

Mu fara da wanda ke aiwatar da dokar, don nan ne mutane suka fi kuskuren fahimta. Matafiyi kan ɗauka cewa jami'in shige da fice na ƙasar da za shi ne zai duba takardunsa. Kafin ya kai can, ma'aikacin kamfanin jirgi da ke teburin awon kaya ya riga ya yanke hukunci. Dalili kuwa shi ne, idan kamfani ya ɗauko fasinjan da bai cika sharaɗi ba, ƙasar da aka kai shi za ta iya cin kamfanin tara, kuma kamfanin ne zai mayar da shi inda ya fito. Ma'aikacin yana duba wani kundin kwamfuta mai suna Timatic, na ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, wanda ake shigar da sharuɗɗan kowace ƙasa a ciki. Idan abin da ke cikin kundin ya saɓa da abin da minista ya faɗa a taron manema labarai jiya, kundin zai bi. Idan kuma kalmomin dokar na da harshen damo, zai zaɓi fassarar da ta fi tsauri, tunda hana mutum tafiya ba ya jawo wa kamfani tara. Saboda haka duk gwamnatin da ta sanar da doka ba tare da ta aika wa kamfanonin jirage cikakken rubutunta ba, ta bar matafiya a hannun zato.

Babu inda wannan ya fi fitowa fili kamar lissafin wa'adin gwaji. Yawancin ƙasashe sun ce a zo da sakamakon gwajin korona na PCR da bai wuce awa 72 ba. Jimlar gajera ce, amma tambayoyi uku ne a cikinta. Daga yaushe ake fara ƙirgawa, daga lokacin da aka ɗauki samfur a hanci ko daga lokacin da sakamako ya fito? Kusan ko'ina daga ɗaukar samfur ne, alhali mutane da yawa na duba lokacin da aka buga takardar. A ina ƙirgar ke tsayawa, tashin jirgin farko, tashin jirgin ƙarshe, ko saukar mutum a ƙasar? Kowace ƙasa da nata. Sannan da agogon wace ƙasa?

Ga misali. An ɗauki samfurin mutum ranar Litinin da ƙarfe 10 na safe, awa 72 za su cika ranar Alhamis ƙarfe 10 na safe. Jirginsa ya tashi daren Laraba, ya yada zango a wata ƙasa, jirgi na biyu zai tashi ranar Alhamis ƙarfe 2 na rana. Idan ƙasar da za shi tana ƙirgawa zuwa tashin jirgin farko, ya tsira. Idan zuwa jirgin ƙarshe ne, takardarsa ta mutu da awa huɗu, yana tsakiyar hanya, a ƙasar da wataƙila ba shi da bizarta balle ya fita ya sake gwaji. Ƙara da cewa ɗakin gwaje-gwaje kan ɗauki awa 24 zuwa 48 kafin ya ba da sakamako, sai a ga cewa a cikin awa 72 ɗin nan, abin da ya rage wa matafiyi ba ya wuce yini ɗaya zuwa biyu. Jinkirin jirgi na 'yan sa'o'i ya isa ya rusa komai, kuma dokoki kaɗan ne suka faɗi abin da za a yi idan jinkirin daga kamfani ne.

Amurka ta bi hanya mafi sauƙi a nan. Da ta fara neman gwaji ranar 26 ga Janairun 2021, kwana uku ta ce, ana ƙirga ranaku maimakon sa'o'i: mai tashi ranar Juma'a, duk gwajin da ya yi daga Talata ya wadatar, ko da sassafe ne. Ta rage shi zuwa kwana ɗaya ranar 6 ga Disambar 2021, ta soke shi ranar 12 ga Yunin 2022. A ganinmu ƙirga ranaku ya fi, domin ma'aikacin tebur ba ya buƙatar lissafin bambancin agogo yana da layin mutum ɗari a gabansa. Shi kuwa matafiyi, abin da ya fi masa shi ne ya yi lissafinsa daga baya zuwa gaba: ya fara da lokacin saukarsa a ƙasar ƙarshe, ya cire awa 72, ya mayar da shi agogon inda yake, sannan ya bar ratar awa goma ko fiye saboda jinkiri.

Nau'in gwajin ma na kayar da mutane. PCR na neman ƙwayoyin halittar cutar, yana gano ta ko da kaɗan ce, amma sai an kai ɗakin gwaje-gwaje. Gwajin gaggawa na antijen yana fitowa cikin minti 15 zuwa 30, sai dai yana iya kuskure mai ɗauke da cutar kaɗan, shi ya sa ƙasashen da suka karɓe shi suka gajarta wa'adinsa zuwa awa 48 ko 24. Gwajin jini na garkuwar jiki kuwa yana nuna an taɓa kamuwa ne a baya, kuma yawancin ƙasashe ba su karɓe shi a madadin waɗancan ba. Birtaniya ta yi abin a yaba da ta rubuta ma'auni a fili: gwajin ya zama yana gano aƙalla kashi 80 cikin ɗari na masu cutar, yana kuma wanke aƙalla kashi 97 na marasa ita, takardar kuma ta zo da Ingilishi ko Faransanci ko Sifaniyanci. Wanda ya san haka zai tambayi ɗakin gwaji kafin ya ba da hancinsa.

Takardar sakamakon dole ta ƙunshi suna kamar yadda yake a fasfo harafi da harafi, ranar haihuwa, nau'in gwajin, rana da sa'ar ɗaukar samfur, da sunan ɗakin gwajin da hanyar tuntuɓarsa. Kurakurai biyu ne suka fi yawa. Na farko rubutun suna: fasfo ya ce Muhammad, takardar gwaji ta ce Mohammed, ko an juya sunan mahaifi ya zo farko. Na biyu tsarin kwanan wata: 03/04 a wata ƙasa 3 ga Afrilu ne, a Amurka 4 ga Maris ne. Maganin duka biyun shi ne a duba takardar tun ba a bar wurin ba, a nemi a rubuta sunan wata da haruffa.

Akwai kuma waɗanda suka warke. Mutum zai iya ci gaba da nuna cutar a gwajin PCR har zuwa kusan wata uku bayan ya warke, saboda gwajin na tsintar ragowar ƙwayoyin da suka riga suka mutu, alhali ba ya shafa wa kowa. Dokar da ba ta yi tanadin wannan ba ta tsare lafiyayyun mutane makonni a ƙasar wasu, suna ta maimaita gwaji. Tarayyar Turai ta magance shi da takardar shaidar warkewa mai aiki kwana 180 daga ranar gwajin farko da ya nuna cutar. Amurka ta karɓi shaidar warkewa cikin kwana 90 tare da wasiƙar likita. Duk dokar gwaji da za a rubuta nan gaba, ya kamata wannan sakin layi ya kasance cikinta tun ranar farko.

Sai shaidar rigakafi. "Cikakken rigakafi" a yawancin ƙasashe a lokacin korona na nufin kwana 14 bayan allura ta ƙarshe, ba ranar da aka yi ta ba. Ga allurar Johnson & Johnson mai zuwa sau ɗaya, Faransa ta nemi kwana 28. Daga 1 ga Fabrairun 2022 kuma Tarayyar Turai ta sa wa shaidar wa'adin kwana 270 idan ba a yi allurar ƙari ba, don haka wanda ya yi tafiya lafiya a Janairu zai iya samun kansa cikin marasa rigakafi a Fabrairu da takarda guda.

Abin da ya fi ci wa mutane rai shi ne batun nau'in allurar. Lokacin da takardar shaidar Tarayyar Turai mai lambar QR ta fara aiki ranar 1 ga Yulin 2021, allurai huɗu ne hukumar magunguna ta Turai ta amince da su. Covishield, wadda ita ce allurar AstraZeneca da cibiyar Serum ta Indiya ke haɗawa, ba ta cikinsu, duk da cewa WHO ta amince da ita, kuma ita ce shirin COVAX na raba rigakafin korona a duniya ya fi rabawa ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi a farko. Sai da ƙasashen Turai suka riƙa amincewa da ita ɗaya bayan ɗaya. An ba mutane allura an ce tana da kyau, sannan aka ce ba ta isa shiga ƙasar waɗanda suka ba da kuɗin sayenta ba. Ƙa'ida mai adalci ita ce, duk allurar da WHO ta amince da ita, a karɓe ta a kowace iyaka.

Ba sabon abu muke nema ba. Katin rigakafin zazzaɓin shawara, wanda aka fi sani da katin rawaya, ya daɗe yana aiki a kan wannan tsari: siffarsa ɗaya a duk duniya, yana ɗauke da sunan allura da lambar rukuninta da sa hannu da hatimin cibiyar da aka amince da ita, yana fara aiki kwana 10 bayan allura, kuma tun 11 ga Yulin 2016 aikinsa na tsawon rai ne, ba shekara goma kamar da ba. Har yau wasu jami'an iyaka na neman sabuntawa, wanda ba su da hurumin nema. A Yunin 2023 WHO ta karɓi tsarin lambar QR na Turai domin ta gina na duniya a kansa. Ƙasar da ba ta shiga wannan tsari ba, ranar da wata annoba ta zo, takardun 'yan ƙasarta ne za a riƙa jujjuyawa ana shakku.

Yada zango wani tarko ne. Mutum na karanta dokar ƙasar da za shi, ya manta da ta ƙasar da zai sauya jirgi. Idan tikiti ɗaya ne, kaya na wucewa kai tsaye, sau da yawa ba a ɗauke shi a matsayin wanda ya shiga ƙasar ba. Idan tikiti biyu ne na kamfanoni daban, dole ya fita ya karɓi kaya ya sake awo, kuma wannan shiga ƙasa ne, duk sharuɗɗanta sun hau kansa. Haka wanda zai tsaya sau biyu a cikin yankin Schengen na Turai, inda ƙasashe suka cire binciken iyaka a tsakaninsu: jirgin da ke tsakanin biranen biyu tamkar na cikin gida ne, don haka a tashar farko zai shiga. Sannan a lokacin korona ƙasashe da yawa sun riƙa tambayar inda mutum ya taka cikin kwana 10 ko 14 da suka wuce, kuma wasu sun ƙirga har zaman awa biyu a filin jirgin ƙasar da ke cikin jerin waɗanda aka haramta shigowa daga cikinsu. Tikiti mai araha da ya bi ta irin wannan ƙasa ya jefa mutane da yawa cikin killacewar da ba su shirya mata ba.

Fom ɗin bayanan fasinja kuwa, irin wanda Birtaniya ta sa a cike a lokacin korona cikin awa 48 kafin isowa, matsalarsa ita ce ana cike shi ne ta intanet, kuma yana neman lambar shaidar biyan gwajin da za a yi bayan sauka. Wanda ya bari sai a filin jirgi ya makara. A buga kowace takarda a kan farar takarda ma, domin waya na mutuwa.

Game da killacewa, tsawonta ya kamata ya bi kwanakin da cuta ke ɗauka kafin ta bayyana: kwana 14 ga korona a farkonta, 21 ga Ebola, 6 ga zazzaɓin shawara. Da aka samu gwaji, ƙasashe sun rage zuwa 10 ko 7 tare da gwaji a tsakiya, kamar na rana ta 2 da ta 8 a Birtaniya. A nan ma doka ta faɗi ko ranar sauka ita ce rana ta ɗaya ko sifili, domin bambancin kwana guda ya jawo wa mutane tara. Otal kuma ba asibiti ba ne. A Ostareliya, wadda ta rufe iyakarta ranar 20 ga Maris 2020 ba ta buɗe wa dukkan baƙi masu rigakafi ba sai 21 ga Fabrairun 2022, an samu cutar na tsallakawa daga ɗaki zuwa ɗaki ta iskar baranda, tana kuma fita gari ta hanyar masu gadi da masu shara. Wurin killacewa na buƙatar iskar da ba ta zagayawa tsakanin ɗakuna, da ma'aikatan da ake gwadawa a kai a kai waɗanda ba sa haɗa aikin da wani.

Mutane kaɗan ne suka san cewa akwai dokar duniya a kan duk wannan. Ƙa'idojin Lafiya na Ƙasa da Ƙasa na 2005, waɗanda suka fara aiki ranar 15 ga Yunin 2007, sun hau kan ƙasashe 196 a lokacin korona. Sashe na 32 ya wajabta mutunta matafiyi da ba shi abinci da ruwa da masauki da kulawar likita idan an killace shi. Sashe na 40 ya hana cajin matafiyi kuɗin killacewa da binciken lafiyar da hukuma ta ɗora masa, in ban da masu neman zama a ƙasar, ya kuma hana tsare shi saboda bai biya ba. Sashe na 43 ya ce duk ƙasar da ta ɗauki matakin da zai hana shiga ko ya jinkirta matafiya fiye da awa 24, ta sanar da WHO cikin awa 48 tare da hujjar kimiyya, ta kuma sake duba matakin cikin wata uku. An taka waɗannan sassa a fili, manyan ƙasashe ne ma kan gaba, kuma babu hukuncin da ya biyo baya, domin ƙa'idojin ba su da haƙoran cizo.

Haramcin shiga da ake ɗora wa ƙasa sukutum shi ne matakin da ya fi burge jama'a, amma amfaninsa taƙaitacce ne. Yana iya sayen 'yan kwanaki ko makonni idan an yi shi tun cutar ba ta shigo ba, kuma ya fi aiki ga tsibirai irin New Zealand da suka haɗa shi da killace kowa. Idan cutar ta riga ta shiga gari, ihu ne bayan hari. Afirka ta Kudu ta sanar da sabon nau'in korona mai suna Omicron ranar 24 ga Nuwambar 2021. Cikin kwana biyu aka fara rufe wa ƙasashen kudancin Afirka ƙofa. Daga baya hukumar lafiyar Holan ta gano nau'in a cikin samfuran da aka ɗauka a can ranakun 19 da 23 ga Nuwamba, wato kafin sanarwar. Birtaniya, wadda jerin haramcinta ya kai ƙasashen Afirka 11, ta soke shi ranar 15 ga Disamba saboda nau'in ya riga ya bazu a cikinta. Ɓarnar da ta fi asarar tikiti ita ce saƙon da aka aika wa kowace ƙasa: wanda ya yi gaggawar faɗin gaskiya shi za a hukunta. Gwamnatin da ta ga haka za ta yi jinkiri kafin ta bayyana abin da ɗakunan gwajinta suka gano.

Na'urar auna zafin jiki a filin jirgi ba ta cancanci dogon bayani ba. Mai cutar da ba ta bayyana ba zai wuce, wanda ya sha maganin zazzaɓi ma zai wuce.

Doka kuma ta tuna da waɗanda tafiya ce aikinsu. A Satumbar 2020 hukumar sufurin ruwa ta duniya ta ƙiyasta cewa ma'aikatan jiragen ruwa kusan 400,000 sun maƙale a teku bayan kwantiraginsu ya ƙare, saboda babu tashar da za ta bar su sauka. Direbobin manyan motoci, matuƙan jirage, ma'aikatan lafiya, marasa lafiya masu neman magani a waje da 'yan ƙasa masu komawa gida, duk suna buƙatar keɓantaccen tanadi a rubuce.

Inda aka ba da sanarwa da wuri, abin ya tafi daidai ko da sharuɗɗan na da tsauri. Saudiyya ta taƙaita aikin Hajjin 2020 da na 2021 ga mazauna ƙasarta, na 2021 mutum 60,000. Da za ta buɗe wa na waje a 2022, tun watan Afrilu ta bayyana cewa mutum miliyan ɗaya ne, 'yan ƙasa da shekara 65, masu cikakken rigakafi, da gwajin PCR na awa 72 kafin tashi. Hukumomi da maniyyata sun samu kusan wata uku na shiri.

Abin da muke kira ga gwamnatoci su yi, yanzu da gyare-gyaren da aka yi wa Ƙa'idojin Lafiya na Ƙasa da Ƙasa a Yunin 2024 suka ƙara matakin "gaggawar annoba", shi ne kowace ta rubuta samfurin dokarta ta ajiye. Shafi ɗaya na hukuma ya ɗauki dokar da ke aiki, da rana da sa'ar da ta fara, ba ma'aikatar lafiya ta faɗi nata, ta sufurin sama ta faɗi nata, ofishin jakadanci ya faɗi na uku ba. A ba da aƙalla awa 48 zuwa 72 tsakanin sanarwa da fara aiki, kuma wanda ya riga ya hau hanya a yi masa hukunci da tsohuwar doka. Kowane mataki ya zo da ranar da za a sake duba shi da ma'aunin da zai sa a janye shi. A fitar da jerin ɗakunan gwajin da aka amince da su tare da hanyar tantance sakamakonsu, domin inda tantancewa ta yi rauni nan ne kasuwar takardun bogi ke ci, kuma idan aka kama 'yan kaɗan, duk masu fasfon ƙasar ne ke shan tuhuma.

Ga matafiyi kuma, ya duba dokar sau uku: ranar sayen tikiti, ranar gwaji, da daren tafiya, na ƙasar zuwa da ta yada zango da ta dawowa. Ya sayi tikitin da za a iya sauya ranarsa. Ya karanta takardar inshorarsa da kyau, domin da yawa na biyan kuɗin jinya idan mutum ya kamu, amma ba sa biyan komai idan gwamnati ce ta rufe iyaka. Ya kuma san cewa idan kamfani ne ya soke jirgi, a wurare irin Tarayyar Turai da Amurka yana da haƙƙin a mayar masa da kuɗinsa, amma idan jirgin ya tashi shi ne takardunsa ba su cika ba, asarar tasa ce. Ya tafi da maganin da yake sha na aƙalla ƙarin mako biyu, ya tabbata bizarsa da fasfonsa ba za su ƙare ba idan zaman ya ƙaru da haka.

Mun gode da ba mu wannan fili.

Wassalam,
Wasu ma'aikatan lafiyar iyakoki da na sufurin jiragen sama